Kilo 12 da Ya Kwantar da Ɗan Wasa a Asibiti: Nazarin Wani Lamari na Atisayen Taƙaita Gudun Jini

Wanda abin ya shafa

Mutumin ɗan shekara 31 ne, ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara a ƙasar Norway. Masana biyu na can, Iversen da Røstad, su suka wallafa labarinsa a wata mujallar likitancin wasanni a shekarar 2010, ba tare da sun ambaci sunansa ba. Rahoton gajere ne, bai wuce shafi biyu ba, amma har yau da wuya a yi muhawara kan haɗarin atisayen taƙaita gudun jini ba a jawo zancensa ba.

Shi wannan atisaye, ɗamara mai iska ake naɗawa a can saman cinya ko saman dantse, irin wadda ake naɗa wa mutum in za a auna masa hawan jini. Sai a hura ta daidai yadda za ta rage jinin da ke shiga gaɓar, ta kuma tare wanda ke komawa zuciya. A haka mutum zai ɗaga nauyi mara yawa sau da yawa.

Asalin matsalar: gwiwa da tiyata

Guringuntsin gwiwarsa ne ya lalace, wato farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi a gaɓa, wanda duk mai shan farfesun ƙafar saniya ya san shi. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya ji rauni ba ya warkewa da kansa. Aka yi wa ɗan wasan tiyata, aka cire ɓangaren da ya lalace, sannan aka huhhuda ƙashin da ke ƙarƙashi da ƙananan ramuka domin jini da ɓargo su tsattsafo su cike gurbin. Gudan jinin nan ne yake rikiɗewa a hankali ya zama sabon guringuntsi. Wani likitan ƙashi a Amurka, Richard Steadman, shi ya fito da dabarar a shekarun 1980.

Sabon da ke fitowa bai kai na asali ƙwari ba, kuma yana daɗewa bai nuna ba. Don haka aka saba sa majiyyaci ya yi mako 6 zuwa 8 yana dogara sanda, daga nan ya shafe watanni ana ja masa kunne kada ya ɗora wa gwiwar nauyi mai yawa.

Wata 11 na gashi: cinya ta ƙi dawowa

Tsoka ba ta san sabo ba. Ranar da aka daina aiki da ita, ranar take fara zubewa. Wani bincike da Takarada da abokan aikinsa suka yi a Japan a shekarar 2000, kan waɗanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa, ya nuna kaurin tsokar gaban cinya ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100 tsakanin kwana na 3 da na 14 bayan aikin. Akwai kuma wani abu da ke ƙara dagula lissafi: gwiwa mai kumburi ko ciwo tana aika saƙo ta jijiyoyi da ke hana tsokar cinya ɗamewa sosai, ko da mai ita ya so. Za ka ga majiyyaci ya cije leɓe, gumi na keto masa, amma cinyar tana nan sanyi ƙalau kamar ba tasa ba.

Ka'idar da aka daɗe a kai ita ce, in ana son tsoka ta ƙara kauri, sai an ɗaga nauyin da ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. Gwiwar da aka huda ba ta son wannan nauyin. Nauyi kaɗan kuwa ba ya cutar da gwiwa, amma yadda aka saba yin sa ba ya tayar da tsoka. Gaba kura, baya sayaki.

Haka ɗan wasan ya shafe wata 11 ana yi masa gashi, wato atisayen farfaɗo da ƙafar bayan tiyata. Da aka duba, cinyar tana nan a rame, ƙarfinta bai dawo ba. Mai wasan hoki a tsugune yake wasansa, gwiwa a lanƙwashe, duk nauyinsa a kan wannan tsoka ta gaban cinya. Muddin ba ta dawo ba, babu zancen komawa fili.

Shawarar gwada ɗamara

Dabarar daga Japan ta fito. A shekarar 1966 wani saurayi mai ɗaga ƙarfe, Yoshiaki Sato, yana zaune a kan dugadugansa a wajen wani taron addu'a na mabiya Buddha, zama mai kama da na tahiya, sai ya ji sha-raɓarsa ta kumbura ta yi tsami kamar yadda take yi bayan atisaye mai tsanani. Ya shiga gwaji a jikinsa da igiyoyi da robobi. Gwajin bai zo masa da sauƙi ba, don a 1967 sai da aka kwantar da shi saboda gudan jini da ya toshe masa hanyar jini a huhu. Bai daddara ba. A 1973 ya karye wajen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya yi amfani da ɗaurin a ƙafar da ke cikin filasta, daga nan ya tsara abin ya sa masa suna Kaatsu, ma'ana ƙarin matsi.

Lokacin da aka yanke shawarar gwada wa ɗan wasan, akwai hujjoji a hannu. An riga an nuna cewa nauyin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, in an haɗa da ɗamara, yana ƙara wa tsoka kauri. Ta fuskar haɗari kuma, akwai ƙidayar da Nakajima da abokansa suka wallafa a 2006, wadda ta tattaro bayanan mutum 12,642 daga wurare 105 a Japan. Abin da ya fi yawa shi ne taruwar jini a ƙarƙashin fata, kashi 13.1 cikin 100, sai mutuwar gaɓa ta ɗan lokaci, kashi 1.3. Daskarewar jini a jijiya ta samu kashi 0.055, kimanin mutum 7 ke nan. Toshewar hanyar jini a huhu mutum 1, narkewar tsoka ma mutum 1.

Ranar farko

Ya fara da minti 10 a kan keken motsa jiki don jiki ya ɗumama. Aka naɗa masa ɗamara mai faɗin santimita 14 a saman cinya, aka hura ta zuwa maki 100 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Ya zauna a na'urar miƙe ƙafa, nauyi kilo 12, da ƙafa ɗaya. Zubin farko ɗagawa 30, sai zubi 4 na ɗagawa 15 kowanne, da hutun daƙiƙa 45 a tsakani. Jimla ɗagawa 90.

Ga abin da ke faruwa a cikin cinya a irin wannan zaman. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ba su da kauri, jinin cikinsu ma ba shi da ƙarfin turi, don haka su ɗamara take fara rufewa. Masu kawo jini daga zuciya sun fi tauri, sai su ci gaba da turo shi, ko da ya ragu. Jini yana shiga, ba ya samun hanyar fita. Iskar oksijin ta yi ƙasa, dattin aikin tsoka, irin su laktet da sinadaran da ke sa tsami, su taru su rasa mai kwashewa.

Tsoka tana da zare iri biyu. Akwai ƙanana masu juriya da ke aiki da oksijin, su ake fara kira in aikin mai sauƙi ne. Akwai manya masu ƙarfi da saurin gajiya, waɗanda jiki yake ajiyewa sai kaya ya yi nauyi. Da oksijin ya yi ƙaranci, ƙananan sukan gaji da wuri, dole ƙwaƙwalwa ta tashi manyan su kama. Ta haka kilo 12 yake sa tsoka aikin da a da sai nauyi mai yawa, alhali gaɓar gwiwa kilo 12 ɗin kawai take ɗauke da shi. An auna a wani bincike na 2007 cewa saƙar furotin a tsoka ta ƙaru da kashi 46 cikin 100 awa 3 bayan irin wannan atisaye. Takarada ya taɓa auna sinadarin girma a jini ya ga ya ninka har sau 290, adadin da masu tallar ɗamara suke son ambata, ko da yake binciken baya ya nuna ba shi ne ke gina tsokar ba. Zuciya ma tana shiga ciki: jinin da ke dawo mata ya ragu, sai ta ƙara saurin bugu, hawan jini ya ɗaga fiye da yadda wannan nauyin zai ɗaga shi in babu ɗauri.

Na taɓa sa an ɗaura mini don in san abin da nake faɗa wa mutane. Goman farko wasa ne, har mutum ya fara raina abin. Wajen ɗagawa ta 20 cinya ta ɗauki zafi kamar an zuba mata yaji. Hutun da ake bayarwa ba hutu ba ne, domin ɗamarar tana nan a hure, zafin ba ya sauka, ƙafa ta yi nauyi ta cika tam, launin fatar ya canja. A zubi na uku ƙafata rawa take yi, ina ƙirga ɗagawar da haƙora a cije. Da aka sace iskar, sai na ji jini ya kwararo da wani ɗumi har tafin ƙafa.

Awa 48 bayan haka

Ciwo mai tsanani ya kama cinyar ɗan wasan, wanda ya wuce tsamin jikin da ya saba ji bayan atisaye. Aka ɗebi jininsa aka auna sinadarin CK, aka samu 12,400 a kowace lita.

CK a cikin zaren tsoka yake zaune, ba ya yawa a jini sai in bangon zaren ya yage. A jikin mai lafiya da ke hutawa bai cika wuce 200 zuwa 300 ba. In ya haura 1,000, ko ya ninka iyakar da aka saba sau biyar, ga kuma ciwo da rauni, likitoci sukan kira abin narkewar tsoka. Shi CK ɗin ba ya cutarwa, alama ce kawai. Abin tsoro abokin tafiyarsa ne, wani jan furotin mai suna mayogulobin, wanda ke fita tare da shi ya bi jini zuwa ƙoda. In ya yi yawa, musamman ga wanda jikinsa ba ruwa, yakan toshe ƙananan bututun ƙoda ya ƙona su. Shi ne ke mayar da fitsari kalar shayin da ba madara. Sinadarin fotashiyam ma yakan fita daga tsokar da ta fashe, in ya yi yawa a jini ya rikita bugun zuciya.

Abin lura, ba a ranar atisayen ake ganin wannan ba. Ciwon yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, lokacin da mutum yake gida, babu mai kallonsa.

Kwana 3 a asibiti

Aka kwantar da shi kwana 3. Maganin narkewar tsoka ba wani ɓoyayyen abu ba ne: a dakatar da atisaye, a wadata jiki da ruwa don fitsari ya yi ta wanke ƙoda, a riƙa bibiyar aikin ƙodar da gishirin jini, a kuma nisanci magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke rage jinin da ke isa ƙoda. Awa 96 bayan atisayen, CK ɗinsa ya sauko zuwa 2,700.

Kwana 18: an sake ɗaura ɗamarar

Matsalar da ta kawo shi tun farko tana nan, cinya a rame, gwiwa ba ta son nauyi. Kwana 18 bayan abin da ya faru, ya koma atisayen nauyi kaɗan da ɗamara, har sau 4 a mako. Narkewar tsokar ba ta sake dawowa ba.

Akwai bayanin wannan a ilimin tsoka. Duk aikin da tsoka ba ta saba da shi ba, karon farko ne ya fi yi mata ɓarna. In ta warke, sai ta yi sulke, karo na biyu ɓarnar ta ragu ƙwarai. A 2016 wasu masu bincike a Denmark, Sieljacks da abokansa, sun gwada haka da ɗamara kai tsaye. Sun sa samari masu lafiya yin zubi biyar, kowane zubi har sai ƙafa ta kasa ɗagawa. Tsoka ta ji jiki sosai, biyu daga cikinsu CK ɗinsu ya haura 19,000. Da aka maimaita atisayen bayan kwana 14, ɓarnar ba ta kai ko kusa da ta farko ba.

Mako 7

Mako 7 bayan ranar farkon nan, ya koma wasan hoki.

Yadda na auna lamarin

Mutane biyu sukan karanta wannan rahoto, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa. Mai tsoron ɗamara ya tsaya a 12,400, mai tallarta ya tsallake zuwa mako na 7. A ganina wanda ya kwantar da shi da wanda ya tashe shi abu ɗaya ne, bambancin kawai yawan abin da aka ba tsokar a ranar da ba ta san shi ba.

Gashin wata 11 ya gaza ne saboda ba a iya kai tsokar inda za ta gaji ba tare da an takura wa gwiwa ba. Ɗamara ta warware wannan, kuma bincike na baya ya mara wa zaɓin baya. A 2019 Hughes da abokansa a Birtaniya sun raba mutum 28 da aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa gida biyu, na mako 8: wasu nauyin kashi 70 ba ɗauri, wasu kashi 30 da ɗamara. Ƙarfi da kaurin tsoka suka zo kusan ɗaya, amma masu ɗamara sun fi samun sauƙin ciwo da kumburin gwiwa. Ba kuma ko'ina take cin nasara ba. Iversen da Røstad ɗin nan, tare da wani abokin aikinsu, sun gwada ta a 2016 a makonni biyun farko bayan tiyatar gwiwa, suka ga ba ta hana tsoka ramewa ba. Ga mai lafiyar gaɓoɓi ma, nauyi mai yawa ya fi ta ƙara ƙarfi.

Kuskuren ranar farko, a nawa hange, kilo 12 ne ya yaudari ido. Ɗagawa 90 ta zarce 75 da aka fi yi yanzu, wato 30 sai 15 sau uku, kuma an ɗora ta a kan tsokar da ta shekara ba ta yi aikin kirki ba. Ɗan wasa kuma ya iya cije wa zafi, inda wani zai ce a tsaya shi zai ƙarasa. Sai maganar maki 100. Ba adadi ne mai ban tsoro ba, amma ba ya nufin abu ɗaya a ƙafafu biyu. Ɗamara mai faɗi tana rufe jijiya da ƙaramin matsi: wani awo na 2012 ya nuna mai faɗin santimita 13.5 tana tsayar da jinin ƙafa gaba ɗaya a wajen maki 144, mai santimita 5 kuwa sai an kai wajen 235. Siririyar cinya ma ta fi kakkaura saurin rufewa. Shi ya sa ƙa'idar da gungun masana suka fitar a 2019 ta ce a fara auna matsin da ke tsayar da jinin wannan gaɓa ta wannan mutum, sannan a yi aiki da kashi 40 zuwa 80 cikin 100 nasa, a kuma sace iskar bayan minti 5 zuwa 10. Da ni ne a ranar, da ƙasan ma'aunin zan fara, zubi biyu, a tsaya tun ƙafa ba ta kasa ba, in kuma ce masa ya duba kalar fitsarinsa kwana uku a jere.

Akwai waɗanda ba a ɗaura wa sai likita ya duba su, wasu ma ba a ɗaura musu sam: wanda ya taɓa samun daskarewar jini a jijiya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙafa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da mai rauni ko ƙwayar cuta a gaɓar. Sai mai sikila, wanda a Norway ba kasafai ake cin karo da shi ba, a wajenmu kuwa shi ne tambayar farko. Ƙarancin oksijin, tsamin jini da tsayawarsa wuri ɗaya su ne ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai SS, kuma su ne ainihin abin da ɗamara take haddasawa da gangan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Su ba marasa lafiya ba ne, amma wani bincike na 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna haɗarin narkewar tsoka wajen atisaye ya fi yawa gare su da kashi 54 cikin 100. In aka haɗa da zafin bazara, ko azumi, ko ƙwayar ciwon jiki da ake saya a kemis ba takarda, lissafin ya sha bamban da na ɗakin motsa jiki a Oslo.

Kwanakin baya na shiga wani gidan ɗaga ƙarfe na unguwa, na tarar da wani matashi ya tamke dantsensa biyu da baƙar robar nan da 'yan acaɓa suke ɗaure kaya da ita. A waya ya gani. Yatsunsa sun yi fari, yana yarfa hannu saboda sun mutu. Na ce, "Ƙanena, kwance wannan robar tukuna." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai kilo biyar ne kacal." Na nuna masa cewa farin yatsun nan alama ce jinin ya tsaya cak, kuma siririyar roba jijiyar ji take dannewa, babu kuma yadda zai san matsin da ya ɗaura. Na tambaye shi ko AA ne shi ko AS. Ya ce bai taɓa gwadawa ba, sai dai yayarsa tana da ɗa mai sikila. Ya kwance robar, shatinta ya fito raɗau a fatarsa, ya naɗe ta ya cusa a aljihu.